Kada Ki Karɓe Linzamin Daga Hannun Baba Bulus

Assalamu alaikum, Ummi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kun sauka Kalgo lafiya, ke da maigidanki da yara, ya sa kun shiga sabon gidan da ƙafar dama. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya raba ki da sharrin baki da na ido, ya haɗa ki da abokan aiki nagari. Innarki tana gaishe ki, mutanen gida duk suna lafiya.

Ranar da kika durƙusa yi mini sallama akwai magana a bakina, amma ta ƙi fita. Kin san halina. A gaban aji ina iya yin awa biyu ina zuba, amma a gaban 'yata sai in tsaya a kan "Allah ya kiyaye hanya". Shi ya sa na ɗauki biro. Ki karanta wannan takarda kafin Litinin, ranar da za ki fara horar da malaman kwalejin nan ta Kalgo, domin idan kika bari sai Talata wataƙila an makara.

Zan fara da mamakin da har yau bai sake ni ba. Da kika buɗe mini kwamfutarki a zaure, kika nuna mini kwas ɗin da za ki horar da malamai su koyar, shirun da na yi ba na rashin ganewa ba ne. Shekara talatin da biyar na yi da alli a hannu, ban taɓa tunanin za a ware darasi sukutum don a koya wa sabon ɗalibi yadda ake zama ɗalibi ba: yadda zai raba lokacinsa, yadda zai ɗauki rubutu malami yana magana, yadda zai nemi littafi a laburare, da wanda zai tunkara idan abu ya shige masa duhu. Mu a zamaninmu jefa mu aka yi cikin ruwa, wanda ya iya iyo ya fito, wanda bai iya ba a ce ba shi da rabo. Ga shi yanzu ɗalibi daga Maruda ya je taya babansa aiki a gona, ya zauna hutun rana a gindin bishiya, ya zaro waya, ya saurari darasin da ya wuce shi, ya amsa tambayoyi, kafin ya koma bakin aiki an riga an nuna masa inda ya yi kuskure. Tsarki ya tabbata ga Allah da ya ba ɗan Adam wannan basira.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne shafin nan da ke nuna wa malami wane ɗalibi ya yi mako guda bai buɗe darasi ba. Ni sai sakamakon jarrabawa ya fito nake sanin wanda ya ɓace mini, lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da kika tashi kika shiga cikin gida, na daɗe zaune ina tuno fuskokin yaran da suka zube a hannuna ban sani ba. Kuma wai ke ce, ke da nake ɗorawa a gaban keke in kai firamare kina kukan an manta miki ƙosai, za ki tsaya gaban masu furfura ki koya musu wannan aiki. Wallahi idan na tuna sai in yi ta godiya ga Allah.

To amma a cikin sunayen malaman da kika nuna mini akwai na Baba Bulus. Kin yi murmushi da kika zo kansa, kika ce ai shi ba za ki sha wahala da shi ba, tunda yana da takardar shaidar sanin kwamfuta tun kina sakandare. Kika kuma gaya mini sharaɗin da kwalejin ta gindaya: duk malamin da bai kammala bitar nan ta mako uku ba, ya nuna da hannunsa cewa zai iya tafiyar da kwas ɗin, za a janye shi daga ajin sababbin ɗalibai a ba wani. Ummi, Baba Bulus bai iya kwamfuta ba. Ko kunna ta ba ya yi sai da ɗar-ɗar. Idan bai koya a hannunki cikin makonnin nan uku ba, za a raba shi da ajin da ya riƙe tun ranar da ya shiga kwalejin, alhali saura shekara uku kacal ya yi ritaya. Kuma ni ne sanadi. Wannan ce maganar da ta ƙi fita ranar sallama.

Ke kin san shi ne a matsayin aminin babanki mai kawo muku doya da lemo idan ya dawo daga gida hutun Kirsimeti. Bari in gaya miki wane ne shi a aji. Shekara ɗaya aka turo mu sakandaren nan ta Gwandu, ni ɗan gari, shi daga ƙasar Zuru, ya girme ni da shekara biyar. Akwai wata yarinya daga Wurogauri da muke koyarwa tare a aji ɗaya. Ni a wurina ɗaliba ce mai natsuwa, kullum kanta a sunkuye tana rubutu. Wata rana Bulus ya tare ni a bakin ofishin malamai ya ce, "Malam Ummaru, ɗiyar ga ta ɓace muna." Na ce ta yaya, ga ta kullum tana rubutu? Ya ce, "Biro na motsi, amma shafi bai juyawa. Mako ukku ina kallo." Da ya karɓi littafinta, sai ga kanun darasi kawai, tana ta bin haruffan da biro don kada a gane ba ta iya bin maganar malami tana rubutawa. Ya riƙa zaunar da ita bayan an tashi, yana magana a hankali tana rubuta jimla ɗaya, sannan biyu. Yau ungozoma ce a asibiti. Ni da nake tsaye gabanta kwana biyar a mako ban ga komai ba. Har yanzu ban san da wane ido yake kallon aji ba, na dai san baiwa ce, kuma ban ga mai irinta ba.

Wannan mutumin na gurgunta, kuma da ladabi na yi shi.

A wancan lokaci tambayoyin jarrabawa sai an buga su da tafireta a kan takardar gurzawa, wadda ake sawa a inji a fitar da kwafi da yawa. Ni na koyi bugu tun ina makaranta, hannuna kamar ana watsa gero. Zangon farko na shiga ofis na tarar da Bulus yana fama da yatsa biyu, yana neman harafi ɗaya-ɗaya, ya riga ya yaga takarda biyu, gumi ya jiƙa masa riga. Kin san tarbiyyarmu. Ba a barin babba da kaya a hannu. Ka haɗu da wanda ya girme ka ɗauke da buhu, ka karɓa. Ka gan shi da fartanya, ka karɓa. Ban yi wani tunani ba, na ce, "Haba Malam, ina nan kana wahala? Tashi in yi maka." Ya tashi yana dariya yana sa mini albarka. Cikin minti ashirin na gama, na fita ina jin na yi aikin lada. Zango na biyu da kansa ya kawo mini. Na uku ko magana ba mu yi ba, a kan teburina na tarar da takardun.

Da na bar shi ya yaga takarda ta uku da ta huɗu, da kafin shekara ta zagayo ya iya. Buhu idan ka karɓa ka kai gida, mai shi bai rasa komai ba. Amma aikin da mutum yake koyo, idan ka karɓa ka tafi da rabonsa ne, shi kuma yana yi maka godiya. Don haka ga shawarata, kuma ita ce uwar sauran. Ranar Litinin za ki ga dattijo riƙe da linzamin kwamfuta, kibiyar tana ta yawo a fuskar allo ta ƙi zuwa inda yake so. Duk jikinki zai ce ki miƙa hannu, domin haka muka raine ki. Ki harɗe hannuwanki a baya. Ki faɗa da baki, ki sake faɗa, ki nuna da yatsa daga nesa idan ta kama, amma kada fatarki ta taɓa linzamin nan. Zai ɗauki minti biyar a kan abin da za ki yi cikin ƙiftawar ido, kuma minti biyar ɗin za su yi miki tsawo ƙwarai. Ki daure.

Takardar shaidar da kika gani kuwa, ga yadda aka same ta. Da kwamfuta ta fara shigowa makarantu, an kira mu bita ta mako guda a Birnin Kebbi. Injinan ba su isa ba, aka ce a zauna biyu-biyu. Wa zan zauna da shi in ba Bulus ba? Ranar farko ya ɗora hannu a kan linzami, ya danna wani wuri, allon ya yi fari fat. Wasu matasan malamai a bayanmu suka ƙyalƙyale da dariya. Na ga ya sunkuyar da kai, na ji abin har cikin raina, sai na jawo linzamin gabana don in rufa masa asiri. Bai koma hannunsa ba har aka tashi bitar. Duk aikin da aka bayar, in yi nawa in yi nasa. Mai horar da mu ya zagayo ya ce, "Kun gane?" mu amsa baki ɗaya, "Mun gane." Shi kuma ya wuce abinsa, don allonmu kullum a cike yake da aiki mai kyau.

Ranar rufewa aka raba takardu. A cikin motar dawowa Gwandu, Bulus ya daɗe yana kallon tasa, sannan ya ce, "Wagga takarda taka ta, Malam Ummaru. Sunana ɗai anka ara." Na yi dariya na ce ai abin aboki naka ne. Shi bai yi dariya ba, ya naɗe ta ya sa a jaka, ya juya yana kallon gonaki ta taga. A lokacin na ɗauka gajiya ce.

Saboda haka kada ki tambayi malaman nan ko sun gane. Babu dattijon da zai ce wa sa'ar 'yar cikinsa bai gane ba a gaban yaran da ya koyar. Zai ce ya gane, ya gyaɗa kai, har ya taya ki yi wa na kusa da shi bayani da baki. Kada kuma ki yarda da abin da ke kan allo, ki duba hannun da ya yi shi. Idan injinan ba su isa ba aka zauna biyu-biyu, kada ki haɗa mai sauri da amininsa, don ƙauna ba za ta bar shi ya zuba ido ba. Gara ki haɗa masu tsoro biyu, su ɓata tare su gyara tare. Kuma ki nema wa manyan wani lokaci nasu, ko bayan la'asar ne idan matasa sun watse, inda mutum zai danna abin da bai dace ba allon ya yi fari babu mai dariya a bayansa. An ce gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne, amma gemu ba ya son 'yan kallo.

Akwai wanda ya fi waɗannan ci mini rai, wanda ko Innarki ban taɓa gaya wa ba. Bayan Bulus ya ƙaro karatu ya samu aiki a kwalejin, aka fara cewa kowane malami ya shigar da sakamakon ɗalibansa a kwamfuta. Sai ya riƙa zuwa Gwandu ƙarshen zango da takardunsa a leda. Wata Asabar da hantsi ya zo, ni kuma na shirya zan tafi fadama, ranar ake cire mini albasa, masu aiki suna jira. Na kunna kwamfuta a gaggauce. Sai ya jawo kujera kusa da ni, ya rage murya kamar mai neman aure, ya ce, "Malam Ummaru, ko dai ka gwada mani yadda aka yi? Ko kaɗan-kaɗan na." Na dubi agogo na ce, "Bari dai in yi maka yau, ya fi sauri. Wani zuwan sai mu zauna." Ya ce to. Ya mayar da kujerar inda ya ɗauko ta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, bai sake tambaya ba, ni kuma ban sake tayar da maganar ba. Albasar ma a shekarar ba ta yi kasuwa ba, rabinta ruɓewa ta yi a rumbu. Ban san kwana nawa ya yi yana tattara ƙarfin halin furta wannan jimla ba, mutumin da ɗalibai ke miƙewa tsaye idan ya shigo. Na san dai ni na amsa masa ina kallon agogo. Da na sani ƙeya ce. Ummi, idan babba ya sunkuyar da kai ya ce ki koya masa, ki ajiye duk abin da ke hannunki, ko shugaban kwalejin ne yake jiranki. Sau ɗaya suke tambaya. Kuma ba a tsakiyar aji za su yi ba, sai kin rufe jaka kina shirin fita, mutum ya biyo ki bakin ƙofa kamar zai tambayi lafiyar yara.

Kada ki ɗauka ke kin tsira daga wannan laifi, domin na sa ki a ciki tun ba ki san komai ba. Kin tuna lokacin da idona ya fara ba ni wahala, na riƙa miƙa miki ledar Baba Bulus in ce ki shigar masa? Kina yi cikin murna, yana ba ki tukwici, yana cewa hannunki ya fi na babanki. Ke a zatonki aiki ne ya yi masa yawa. Hannunki ya riga ya saba da karɓar aikinsa, shi ma hannunsa ya saba da miƙa miki. Wannan ne ya sa nake jin tsoron ranar Litinin fiye da yadda kike ji.

Yanzu ga abin da ya faru makon jiya, ranar da kika je Kalgo duba gida. Bulus ya zo da sabuwar kwamfutar hannu da kwalejin ta raba musu, ko ledar jikinta bai cire ba. An ce kafin ranar bita kowane malami ya shiga shafin kwas ɗin, ya sa kalmar sirrinsa, ya rubuta layi biyar a kan kansa. Ke kika ba da wannan aiki, na sani. Muka gaisa, Innarki ta kawo fura, ya ajiye kwamfutar a gabana kamar yadda ya saba, ya gyara zama.

Na ce, "Malam, yau kam ba ni yi."

Ya ɗauka wasa ne. Ya ce, "To kira mani Ummi."

Na ce, "Ummi tab ba da aikin. Kuma ran Litinin ita za ta tsaya kanka, ba ni nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jawo kujera, ka buɗe da hannunka, ni ina gaya maka da baki, ko za mu kai magariba."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Yanzu? Sad da nir roƙe ka, albasa kat tahi cira. Yanzu da idona yad dushe, hannu na rawa, za ka ce in jawo kujera?"

Ashe bai manta ba. Har albasar bai manta ba. Na ce na yi kuskure, ya yafe mini. Ya ce, "Ba ka yi man komi ba sai alheri. Shi na ac cutar." Ya mayar da kwamfutar cikin jaka. Ya ce gara ya rubuta takarda ya ce a ba wani ajin, da ya zauna gaban ɗiyar da ya koya wa karatu tana kallon hannunsa yana rawa. Na raka shi har bakin titi yana ta ce mini in koma. Furar ko taɓa ta bai yi ba, shi da yake cewa saboda furar Innarki yake zuwa Gwandu.

Innarki ta ce ban kyauta ba. Ta ce wanda ka goya shekara talatin ba ka dire shi a tsakiyar kasuwa. Wataƙila tana da gaskiya, wataƙila wannan ma wani kuskuren ne na ƙara a kan na baya. Na kira wayarsa sau uku, tana shiga ba ya ɗauka. Ban san ko ya rubuta takardar ba, ban kuma san ko zai zo ranar Litinin ba.

Idan bai zo ba, ki je gidansa da kanki ranar da yamma. Kada ki aika, kada ki kira a waya. Ki durƙusa ki gaishe shi yadda kika saba, ki gaida Mama matarsa, sannan ki gaya masa gaskiyar da ke ma ya kamata ki riƙe. Shafin nan da ya ba ni mamaki yana nuna wanda ya yi mako bai buɗe darasi ba, amma ba ya faɗin dalili. Ba ya sanin cewa wata ɗaliba daga Dangoma waya ɗaya ce a gidansu kuma yayanta ya tafi da ita ci-rani. Ba ya sanin wanda ya buɗe darasin, ya zuba masa ido, ya rufe bai fahimci komai ba, alhali shafin ya rubuta cewa ya halarta. Wannan ita ce yarinyar Wurogauri ta zamaninku, kuma za ta fi ta da wuyar ganewa. Na'urar tana da ido mai ban al'ajabi, Bulus yana da wani irin ido da na'urar ba ta da shi. Idan Allah ya sa kika haɗa biyun a aji ɗaya, ban san iyakar yaran da za a tsamo ba. Idan kuwa aka janye shi, za a ba ajin wani mai saurin hannu irina, wanda zai cike kowane gurbi a kan lokaci, yara suna zubewa a gabansa.

Akwai kuma abin da na lura da shi da nake tunanin kwas ɗin naki. Abin da za a koya wa sababbin ɗalibai shi ne kada su ji kunyar cewa ba su sani ba, su nemi taimako tun da wuri, su jure wa abu mai wuya har ya yi sauƙi. To wane malami ne zai koyar da wannan fiye da wanda ya zauna mako uku gaban allo yana tsoron ya danna abin da zai lalata komai? Matasan malaman da suka tashi da waya a hannu ba su san wannan tsoro ba, ba za su gane shi a fuskar ɗalibi ba. Ki sa malaman su bi kwas ɗin tun daga darasin farko kamar su ne sababbin shiga, su yi aikin gida, su makara, su ga yadda saƙon tuni yake zuwa musu. Bulus zai sha wuya fiye da kowa a ɗakin. Idan ya fito ta ɗaya gefen, ranar da ɗalibi ya ce masa "Malam, ni ban iya ba", yana da amsar da babu wanda yake da ita. Ikon Allah ke nan, inda mutum ya fi rauni a nan ake ajiye masa wani ƙarfi.

Idan ya zo kuwa, kada ki nuna kin san komai. Kada ki yi masa sauƙin da ba ki yi wa sauran ba, zai gane, kuma zai fi masa ciwo fiye da dariyar matasa. Kada ki yabe shi a kan ƙaramin abu kamar yaron firamare. Ki ƙara masa girman rubutun allon, wannan da baki za ki gaya masa yadda ake yi. Hannunsa yana rawa yanzu, linzamin zai riƙa kufce masa, zai danna sau uku inda ake son ɗaya. Wata rana a cikin makonnin nan zai gaji, ya ture kwamfutar gabanki, ya kira ki da sunan da yake kiranki tun kina rarrafe, ya ce ki taimaki babanki. A nan ne za a gwada ki. Ni sau uku aka gwada ni a wannan wuri ina faɗuwa, na huɗun kuma na tsaya a lokacin da tsayuwar ta zo da ciwo. Ki ce masa, "Baba, ina nan, ba inda za ni," ki jawo kujera ki zauna, hannunki a cinyarki. Sannu ba ta hana zuwa.

Na san na ɗora miki kaya mai nauyi a makonki na farko, ga sabon gari, ga yara, ga malamai da yawa da kowannensu yake da nasa hali. Ki yi haƙuri da babanki. Ɓarnar da na yi shekara talatin ina yi da kyakkyawar niyya, ke nake roƙo ki gyara cikin mako uku, kuma na san ba adalci ba ne. Amma na ga yadda kika zauna da ni a zaure kina bayani ba ki ƙosa ba, na ce lallai Allah ya ba ki abin da bai ba ni ba.

Abu na ƙarshe. Kin ce a ƙarshen bitar kowane malami zai aika saƙo daga cikin shafin zuwa ga wani a waje, don a tabbatar ya iya tuntuɓar ɗalibi. Idan Allah ya kai Bulus wannan rana, kuma ya rasa wanda zai aika wa, adireshina yana nan bai canja ba. Kada ki ba shi shawarar haka, kada ki gyara masa ko harafi ɗaya. Kada kuma ki kira ni ki ce ya ci ko ya faɗi, ko da na matsa miki da tambaya. Idan ya ci kuma ya yafe mini, zan gani da idona, da kurakuransa da komai. Idan mako uku suka wuce ban ga komai ba, na san amsar, kuma ni na saya da hannuna.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki haƙurin da ya fi nawa. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya tsare maigidanki da yara, ya sa ki gama da malaman nan lafiya su ma su gama da ke lafiya. Allah ya kawo Bulus ɗakin nan ranar Litinin.

Ni dai kullum da safe, idan na dawo daga masallaci, zan kunna kwamfuta in duba.

Mahaifinki,
Ummaru
Gwandu